Wace Ce Magajiyar Fijo?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ɗaure wa masu zurfin tunani kai, tun kafin duniya ta san wani abu wai shi mota. Idan abu ya yi ta sauyawa sannu a hankali, yau a cire wannan a sa sabo, gobe a cire wancan a sa sabo, har ta kai ko ƙusa ɗaya ta asali ba ta rage ba, shin shi ne dai abin nan na farko, ko kuwa wani abu ne daban da ya ari sunan na da yana yawo da shi? Mai karatu yana iya cewa wannan ai musun 'yan zaman bakin titi ne. Ina roƙonsa ya ɗan yi mini uzuri, domin duk wanda ya gaji suna, na gida ne ko na sana'a ko na sarauta, tambayar nan ta shafe shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Wani marubucin ƙasar Girka mai suna Fulutak, wanda ya rayu kimanin shekara 1,900 da suka wuce, ya ba da labarin mutanen birnin Atina da suka adana jirgin ruwan wani gwarzonsu da ake kira Tesiyus. Duk katakon da ya ruɓe sai su ɓamɓare shi su kafa sabo a gurbinsa. A kwana a tashi, malamansu suka rabu biyu: wasu suka ce jirgin yana nan, wasu suka ce ya daɗe da tafiya. A 1655 wani Bature ɗan Ingila, Tomas Hobs, ya ƙara dagula lissafin. Ya ce a ƙaddara wani ya riƙa bi yana tsince tsofaffin katakan da ake zubarwa, ya harhaɗa su ya tayar da jirgi. Ga jirage biyu ke nan. Wanne ne na Tesiyus?

Mu nan Daura ba mu da teku, amma muna da tasha. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar fikof ɗin Peugeot, wadda bakinmu ya mayar Fijo, ta yi lodin buhuna za ta kasuwar Mai'aduwa, ya ga jirgin Tesiyus da idonsa. Injin ba nata ba ne, giyar ta wata ce da ta yi hatsari, ƙofofin ko launinsu bai zo ɗaya ba, lagireto kuwa ya sha walda har ya gaji. Duk da haka mai ita zai rantse maka ita ce motar da mahaifinsa ya saya a zamanin Shagari. Hukuma ta hutar da kanta, ta ce mota ita ce lambar shasinta. Wannan amsa ta wadatar da ma'aikacin da ke cika takarda, amma ba ta wadatar da hankali ba.

Wannan duk a kan mota guda ne. Abin ya fi wuya idan kamfanin da kansa ne ya ƙera sabuwa fil, ya ɗauki sunan tsohuwa ya laƙaba mata, ya ce wa duniya ga magajiya. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na wata motar gudu ta Jamus, Porsche 911. Ba mota ce da ake gani a titunanmu ba, akasarinmu a hoto muka san ta, amma tarihinta ya dace da tambayarmu kamar don ita aka yi shi.

An fara nuna ta a birnin Farankfot a 1963, kuma sunanta a lokacin 901. Abin ban sha'awa, kamfanin Peugeot ne ya tayar da ƙayar baya, ya ce a Faransa shi ke da haƙƙin sanya wa mota suna mai lamba uku da sifiri a tsakiya. Ala tilas aka cire sifirin aka sa ɗaya, ta koma 911 a 1964. Wato ke nan ko sunan da masoyanta ke rantsuwa da shi a yau ba shi ne na yanka ba. Ferdinand Alexander Porsche, jikan wanda ya kafa gidan, shi ya zana siffarta. Injinta mai silinda shida ne, yana da ƙarfin doki 130, an ɗora shi can baya kamar na Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru, kuma iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto babu ruwa.

Ajiye inji a bayan tayoyin baya yana da amfani, domin nauyin yana danne tayoyin su kama ƙasa. Yana kuma da illa babba: idan direba ya shiga kwana da gudu ya ɗaga ƙafa daga totur, sai gindin motar ya nemi wuce kanta. Na farko-farko har ƙarfe mai nauyi aka riƙa ɓoyewa a cikin bambar gaba don a rage wannan hali. A 1968 aka ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. A 1974 dokokin Amurka suka tilasta aka sa mata bamba mai kauri. A 1975 samfurin Turbo ya shiga kasuwa, mai ƙarfin da ke zuwa farat ɗaya ba sallama, har Turawa suka yi mata laƙabin da ma'anarsa ita ce mai sa mata takaba. A ƙarshen shekarun 1970 shugabannin kamfanin sun yanke shawarar binne ta, suka fito da wata mai suna 928, mai inji a gaba, don ta gaje ta. Sabon shugaba, Peter Schutz, da ya zo a 1981 ya soke wannan shawara. Ita 928 ɗin ce aka daina yi a 1995, wadda aka so a binne kuwa tana nan.

Babbar rigimar ta zo ne a 1997, lokacin da samfurin da ake kira 996 ya fito da injin da ruwa ke sanyayawa. Dalilin a bayyane yake: dokokin hayaƙi da na ƙara sun tsananta a Turai da Amurka, injin iska ba zai iya cika su ba tare da ba da ƙarfin da ake so. Masu kishin asali suka ce an yi sallama da 911, suka ce fitilunta na gaba ma kamar soyayyen ƙwai. A 2004 kamfanin ya lallashe su da dawo da fitilu masu da'ira, amma bai dawo da injin iska ba. A watan Mayu na 2017 aka ƙera ta miliyan ɗaya. A 2024 aka fitar da samfurin da ke haɗa fetur da lantarki. Ta yau ta fi ta farko tsawo da faɗi da nauyi, ƙarfinta ya kusan ninka na waccan sau uku, kuma babu wani sashe na jikinta da za a kwance a ɗaura wa ta 1964 ya zauna. Abin da ya rage shi ne inji mai silinda shida a baya, da doron nan mai gangarowa, da suna.

Yanzu mu dawo gida. Fijo ba motar gudu ba ce a wurinmu, motar aiki ce, ko da yake ita ma ta taɓa wasan tsere ta kuma yi suna. Samfurin 404, wanda ya fito a 1960, ya lashe tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ita 504, wadda ta fito a 1968, ta lashe shi a 1975, sannan 'yar'uwarta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida ta sake lashe shi a 1978. Tsere ne na laka da ƙura da ramuka, saboda haka nasara a cikinsa shaida ce da direban Afirka ke ganewa. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, kuma a zamanin mulkin soja na Obasanjo 504 ta zama motar hukuma, tun daga manya har ƙanana. Alƙali da ita, hakimi da ita, shugaban makaranta da ita, mai tsawon bayan kuma ita ce ta cika tashoshin Kano da Katsina da Daura, har ta tsallake Kwangwalam zuwa Damagaram.

Me ya sa ta karɓu haka? Tana da tsawo daga ƙasa, ba ta tsoron rami. Tayoyin baya ne ke tura ta, don haka lodi ba ya karya mata gwiwa. Injinta mai kafireta ne, bakanike a gindin bishiya yana iya kwance shi da safe ya ɗaura kafin la'asar da sifana da filaya. A Turai an daina ƙera mai kan salun tun 1983, amma Kaduna ba ta daina ba sai 2006. Bayanta an yi 505 a 1979, wadda ita ce ta ƙarshe a gidan da tayoyin baya ke turawa. Daga nan sai 405 da 406 da sauran waɗanda suka biyo, masu jan gaba, masu kwanciya kusa da ƙasa, har aka kai ga waɗanda sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu. Zakin nan yana nan a goshinsu, lamba uku mai sifiri a tsakiya tana nan. Amma ka tambayi tsohon direba, zai ce maka Fijo ta ƙare daga 505.

Ga gidaje biyu ke nan, kowanne ya sauya komai ya riƙe suna. Me ya sa a wuri ɗaya yawancin mutane suka haƙura suka karɓi magajiya, a ɗaya wurin kuma muka ƙi?

Wanda ya ce asalin abu shi ne ƙarfensa bai yi nisa ba, don da haka ne da babu mota ɗaya a tasha da ta cancanci sunanta. Wanda ya ce siffa ce ya ɗan fi shi kusa, amma Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane. A 1997 kamfanin Volkswagen ya fito da sabuwar mota mai siffar kunkurun nan, amma injinta a gaba yake, cikinta kuma na Golf ne. An so ta don kwalliya, ba wanda ya ɗauke ta magajiyar motar talaka. A ganina, abin da ke ratsawa daga samfuri zuwa samfuri, idan har akwai abin da ke ratsawa, shi ne alkawari. Suna a goshin mota yana gaya wa mai saye ne cewa abin da ka samu a wurin uwarta za ka same shi a wurina. Idan haka ne, to suna ba riga ba ce da magaji zai sa ya yi taƙama, bashi ne da aka mutu aka bar masa.

Alkawarin 911 shi ne mota mai tsananin gudu wadda kuma za ka iya zuwa aiki da ita kullum, mai wani irin ji a hannu da inji a baya ke bayarwa. Don a cika wannan a ƙarƙashin sababbin dokoki ne aka yar da injin iska. Da sun nace a kan iska, da doka ta hana sayar da motar, da ba a cika komai ba. A nan sauyi shi ne riƙon amana, tsayawa cak kuma da ya zama cin ta.

Akwai kuma abin da masu kishin asali ba sa son a faɗa. Sau da yawa abin da suke kira asali aibi ne da aka saba da shi. Halin nan na juyawa a kwana da ya sa mata takaba ba ya cikin abin da ya kamata a gada, kuma injiniyoyin da suka shafe shekaru suna kashe shi ba su ci amanar kowa ba. Haka mu ma. Muna yabon 504 mai tsawon baya, muna mantawa da yadda ake cusa mata mutum tara ko goma, babu bel, babu jakar iskar da ke tare ƙirji, a bi hanyar Kazaure da ita kamar za a tashi sama. Gidaje nawa ne a ƙasar nan suka karɓi gawa daga cikinta? Sabuwar motar da muke rainawa don ba ta jure rami, an yi ta ne ta lotse ita, na cikinta su fita da rai. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gaskiya ne, amma ban taɓa jin an yabi ɗa don ya gaji tarin ubansa ba.

To, idan sauyi ba laifi ba ne, ina laifin Fijo? A nan ne maganar ta fi ɗaci, domin ba kowane alkawari ne aka yi da kai ba, ko da kai ka fi kowa cin moriyarsa. Ba don Daura aka zana 504 ba. An zana ta ne don Bafaranshen shekarun 1960, wanda hanyoyin ƙauyensa ba su gama gyaruwa ba, wanda kuma yake son motar da za ta daɗe. Buƙatarsa ta zo daidai da tamu, sai muka zaci da mu ake. Da hanyoyinsa suka yi sumul, fetur ya yi masa tsada, hukumominsa suka matsa a kan hayaƙi, sai motar ta bi mai ita. Kamfanin bai saɓa wa Bafaranshe ba. Mu ne muka ɗauki kanmu 'ya'yan gida alhali baƙi ne da aka yi wa shimfiɗa mai kyau. Shekara 31 ana harhaɗa 504 a Kaduna, kuma da lokacin rabuwa ya zo, ba mu da hannun da zai zana mata magajiya a kan hanyoyinmu.

Saboda haka idan aka tambaye ni wace ce magajiyar 504 a ƙasar Daura, ba zan nuna wata mai zaki a goshi ba. Zan nuna Golf mai tsawon baya da Sharon da suka cika tasha, 'yan Kwatano, da Hilux da ke shiga ƙauyuka da damina. Ba su haɗa jini da ita ba, amma su suka ɗauki kayanta. Mun san irin wannan a gidajen malamai da na maƙera: ɗan cikin gida yana riƙe da suna, almajirin da aka kawo daga wani gari yana riƙe da karatu. Jama'a suna gaishe da na farko da girmamawa, amma idan matsala ta taso ƙofar na biyu suke bugawa.

Masarautarmu ma ta taɓa zama jirage biyun nan na Hobs. A wajen 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Ishaku suka karɓi birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafu a Zango da Baure suna riƙe da sunan sarautar. Kusan shekara ɗari, birni da fada da rijiyar Kusugu suna hannu guda, jinin tsohon gida yana wani hannun, sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango. Ba ni da hurumin yanke hukunci a kan wace ce Daura ta gaskiya a tsawon wannan lokaci. Abin da na fi lura da shi ya zo daga baya. Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, yana da alƙalai da 'yan doka da gidan yari da baitulmali a ƙarƙashinsa. A zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi daga 1966 zuwa 2007, aka kwashe kotuna da 'yan doka aka mayar hannun gwamnati, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe mafi yawan abin da ya rage. Idan muka yi magana da harshen gareji, an sauke injin gaba ɗaya an ɗaura wani. Rawani da algaita da hawan Sallar Gani suna nan, amma ba su kaɗai suka riƙe mutane ba. Abin da ya riƙe su shi ne har yanzu mai rikicin gona ko na gado ko na aure yana sa ran idan ya kai kuka wurin mai unguwa ko dagaci ko hakimi za a saurare shi ba tare da lauya ba. Sarki goma zamani goma, amma duk ranar da wannan tsammani ya yanke, kwalliyar hawa ba za ta maye gurbinsa ba.

Na san akwai wanda zai ce wannan ma'auni nawa yana da rauni, domin alkawari ba abu ne da ake gani ko a auna a sikeli ba, kowane mai talla yana iya cewa ya cika shi. Haka ne. Shi ya sa ba mai suna ne ke da ikon cewa ya biya bashin ba, wanda ake bi wa bashin ne ke faɗa. Kamfanin Jamus ɗin nan ya so kashe motarsa, masu saye suka ƙi wadda aka kawo musu. Ya sauya fitilu, suka yi ƙorafi, ya dawo da su. Ya sauya inji, suka yi gunaguni, amma suka ci gaba da saye. Shekara sittin ana wannan ciniki tsakanin mai ƙira da mai hawa, kowanne yana jin muryar ɗan'uwansa. Direban Daura bai taɓa zama a irin wannan majalisa ba. Shi dai abin da ya sauka a Kwatano bayan wani ya gama cin amarcinsa, shi zai karɓa, ya kai wa mai walda ya ɗaga masa sifirin, ya ƙara kujera a but.

Ko makomar tsofaffin ma ta bambanta. A Turai da Amurka, 911 mai injin iska ta zama kadara, wasu daga cikinsu sun fi sabuwa tsada, kuma kamfanin yana da sashe na musamman da ke ƙera musu kayan gyara. A nan kuwa, 504 da ta gaji takan shekara a bayan gareji, makanikai suna zarar abin da ke da sauran amfani a jikinta, awaki suna kwana a ƙarƙashinta, har ranar da 'yan gwangwan za su zo da iskar gas su yayyanka ta, su auna a kan kilo, a loda a tirela zuwa inda ake narkawa a yi rodi.